Wa Za Ka Bar Wa Akuyarka?



A makarantar nan da wuya ka shiga ajin da babu masu dabba a cikinsa. Wata tana da akuyar da kakarta ta ba ta tun tana goye, wani yana da tantabaru a bayan ɗaki, wani zomaye, wani kuma ɗan rago ya turke don ya sayar da Babbar Sallah. Waɗannan dabbobi ba na ado ba ne. Da kuɗinsu da yawanmu muke ɗinka kayan makaranta, mu sayi takalmi da littafi. To ga 'yan aji uku suna shirin jarrabawar fita, kuma duk wanda aka tura makarantar kwana, a Birnin Kudu ne ko Dutse ko Kafin Hausa, zai yi makonni da yawa bai ga Zandam ba. Ba a shiga ɗakin kwanan ɗalibai da akuya. Haka ma idan mutanen gida suka tashi zuwa biki ko ta'aziyya a Ningi ko Kano, ko jinya ta riƙe Inna a asibiti. Dole a bar dabbar a hannun wani. To wa za a bar wa, kuma a kan wane sharaɗi?

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma yawanci karnuka da kyanwoyi ake yi wa. Akwai wanda ake biya ya zo ya fita da kare yawo ya dawo da shi. Akwai wanda yake zuwa gidan mutum ya ba dabba abinci idan mai gidan ya yi tafiya. Akwai kuma gidajen da ake kai dabba ta kwana har mai ita ya dawo. A Ingila doka ta hana mutum ya buɗe irin wannan gida sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, an zo an duba wurin. Tun shekarar 2016 kuma dole ne a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda take nuna ko na waye. Za a iya yin dariya a ce wai mutum ya biya kuɗi don a kai kare yawo. Amma idan muka duba da kyau, duk ukun nan muna da su a nan, sai dai mu awaki da tumaki muke yi wa, kuma ba mu da lasisi. Lasisinmu shi ne amana.

Mai fita da dabba yawo a wurinmu shi ne mai asako. Da zarar an yi shuka ba a barin dabba ta yi yawo, sai dai a ɗaure ta a turke ko a haɗa ta da garken unguwa. Mai asako yakan bi gida-gida da safe ya tattara su, ya kai su makiyaya, da yamma ya dawo da su, a biya shi da kuɗi ko da hatsi. Tsari ne mai sauƙi ga wanda ba shi da yaron da zai yi masa ciyawa. Amma yana da wurare biyu da ake samun matsala. Na farko ɓarna. Idan akuyarka ta faɗa gonar wani ta cinye masa wake, wa zai biya, kai ko mai asako? Mun ga irin wannan magana tana kaiwa gaban mai unguwa, wani lokaci har gaban dagaci, saboda kawai ba a yanke ta tun farko ba. Na biyu cuta. Garken asako dabbobin gidaje da yawa ne a haɗe. Akwai wata annoba ta awaki da tumaki da likitocin dabbobi suke kira PPR, wadda aka fara ganowa a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Dabbar da ta kamu takan yi zazzaɓi da majina da zawo, bakinta ya yi gyambo, kuma tana shafa wa sauran da sauri. Tana da allurar rigakafi, har ana yin ta a nan Nijeriya, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Saboda haka kafin ka sa akuyarka cikin garke, ka je ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukuma ka tambayi allurar, sannan ka tsaya da safe ka kalli garken da idonka. Idan ka ga masu majina da zawo a ciki, gara taka ta zauna a turke.

Mai zuwa gida ya ba dabba abinci kuwa, yawanci maƙwabci ne ko ɗan uwa. Wannan shi ya fi yawa, kuma a ganinmu shi ya fi ɓata zumunci. Dalili shi ne kunya. Ba ka iya tsayar da Gwaggo ka ce mata, "Ga yawan dusar da za ki ba ta, kada ki ƙara." Sai ka ce, "Gwaggo, ga akuyata nan, a riƙa dubawa," ita kuma ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya, ba komai." Shi ke nan an rabu, babu wanda ya san abin da ɗaya yake nufi.

Alhali kuwa dabba ba yunwa kaɗai ke kashe ta ba, har da ƙoshi. Akuyar da ta saba da harawa da 'yar dusa, idan aka tula mata gero ko ragowar tuwo mai yawa don a nuna mata gata, cikinta zai iya kumbura ta mutu a kwana ɗaya. Ɗanyen gyauron dawa, wato wanda ya sake tsirowa bayan an yanke kara, yana iya zama guba. Leda kuma ta fi duka mugunta, domin ba ta kisa nan take. Dabba ta haɗiye ta yau, ta haɗiye gobe, ta taru a tumbi, sai a ga tana ramewa a ce ai mai tsaron ne ba ya ba ta abinci. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga dunƙulen ledar da ake cirowa ya san abin da muke faɗa. Don haka idan gidan da za ka kai ta akwai bola a gindin turke, ka sake tunani.

Kowace dabba kuma da halinta. Tantabara ba a kai ta ajiya wani gida, domin da an buɗe mata za ta koma inda ta saba. Sai dai a samo wanda zai riƙa shigowa yana zuba mata hatsi da ruwa, yana rufe ɗakin da dare saboda muzuru. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 18 ko kusa da haka, na kaza cikin 21, don haka ka faɗa wa mai tsaro ranar da aka fara kwanci. Zomo ba ya son zafi, ba ya son jiƙaƙƙen wuri, kuma cikinsa wata ɗaya ne kacal. Ka bar mace da namiji a keji guda ka tafi zango ɗaya, ka dawo ka tarar da gayya, mai tsaro kuma yana ta fama da ciyawar da bai yi alkawarinta ba. A raba su kafin a tafi. Masu karen farauta ko na gadi su ma da tasu: kare ba ya yarda da kowa, kuma idan ba a yi masa allurar ciwon hauka ba, bai kamata a bar shi a gidan da ke da yara ba. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa har tsawon minti 15, sannan a wuce asibiti ba tare da jira ba.

Sai na uku, wanda ya fi tsawo, wato ba da dabba riƙo. A nan ɗaukar ta ake yi gaba ɗaya a kai ruga ko ƙauye, ta yi watanni ko shekaru. Wannan shi zai fi shafar masu tafiya makarantar kwana. Kiwo dai ba baƙo ba ne a ƙasarmu, tunda zanen shanu ne ma a jikin duwatsun Birnin Kudu da mutanen da suka bari, kuma makiyaya sun daɗe da tsara yadda ake riƙe dabbar wani. Fulanin Nijar suna da al'adar da suke kira habbanaye: mutum ya ba ɗan uwansa aron karsana, ta zauna a wurinsa har ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Abin da ya burge mu a ciki shi ne kowa ya san ƙa'idar tun kafin a miƙa igiya.

A wurinmu ƙa'idar ba ɗaya ba ce. Wasu sukan ce haihuwar farko ta mai dabba, ta biyu ta mai riƙo. Wasu sukan ce idan ta haifi biyu a raba. Masu turka rago sukan cire uwar kuɗi bayan an sayar, su raba riba. Duk suna da kyau idan an faɗa. Rigimar tana zuwa ne idan kai kana lissafi da wannan ƙa'ida, shi kuma yana lissafi da waccan. Akuya wata biyar take yi da ciki. Wanda ya tafi makaranta a watan Satumba ya bar ta da ƙaramin ciki, kafin hutun zango na biyu ta haihu. Idan ɗa ɗaya ta haifa, na waye? Idan biyu ne ɗaya ya mutu, rabon wa ya mutu? Tambayar tana da ban dariya a kan takarda, amma a tsakar gida ba ta da shi.

Akwai kuma maganar da ba wanda yake son ɗagowa lokacin sallama, ita ce mutuwa. A darasin addini an koya mana cewa wanda aka ba amana ba ya biya idan abu ya salwanta ba da sakacinsa ba, amma idan ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka ce masa, to zai biya. Sai dai yaya za a gane? Shi ya sa makiyaya sukan kawo wa mai dabba fatarta ko kunnenta mai shaida, don ya tabbatar mutuwa ta yi, ba kasuwar Sara aka kai ta ba. Yanzu ga waya, hoto ɗaya ya isa. Abu mafi muhimmanci shi ne izinin yanka. Idan dabba ta kwanta rai a hannun Allah, kai kana Dutse, shin mai riƙo yana da izinin ya sa wuƙa? Idan ba ka ba shi ba, zai tsaya neman ka a waya har ta zama mushe, a yi asarar dabba a yi asarar nama. Idan kuma ya yanka ba da izini ba, zargi ya shiga. Kalma ɗaya ce take raba wannan, kuma kafin tafiya ake faɗin ta.

To yaya ake zaɓen mutumin? Mu dai ba mu ga ma'aunin da ya kai dabbobinsa ba. Kada ka je dubawa da kaka, lokacin da harawa take ko'ina, kowace akuya tana sheƙi. Ka je da bazara, wajen watan Afrilu, lokacin da ciyawa ta ƙare. Idan nasa suna da jiki a lokacin, ya iya kiwo. Ka duba kwanon ruwa ko da ruwa a ciki da tsakar rana. Ka duba gindin turke ko ana sharewa, ko akwai inuwa, ko igiyar ta ci wa dabba ƙafa. Ka duba ko ya tara harawa a kan rumfa. Wanda bai tanadi abincin nasa ba, da me zai ciyar da taka?

Sannan ka gano wanda zai yi aikin da hannunsa. Wannan mu yara mun fi kowa saninsa. Kawu ne zai ce, "Kawo ta, ai gida ne," amma gari na wayewa Kawu ya tafi gona ko kasuwa, ɗan autansa mai shekara takwas shi ne zai yi ciyawa ya ɗebo ruwa. Idan yaron nan ba ya so, akuyarka ta shiga uku, ko da Kawu waliyyi ne. Don haka bayan ka gama da manya, ka nemi yaron ku yi magana. Idan da hali ka kai dabbar kwana biyu ko uku kafin tafiyarka, ka ga ko tana cin abinci a can, ko manyan awakin gidan suna tunkuɗe ta daga kwano.

Mun san ba tarbiyya ba ce yaro ya zauna yana gindaya wa babba sharaɗi. Hanyar da ta fi ita ce ka sa Baba ko Yaya su yi maganar a gabanka, da wani babba guda a matsayin shaida. Kai kuma naka shi ne rubutu, tunda shi aka turo mu koya. Ka yagi takarda biyu a littafinka, ka rubuta ranar da aka kai dabbar, launinta da shaidar kunnenta, ko tana da ciki, wanda zai sayi dusa da kanwa da magani, yadda za a raba 'ya'ya, izinin yanka, da lambar wayar da za a kira. Ɗaya ta zauna a gidanku, ɗaya a can. Idan ana jin nauyi, sai a ce aikin makaranta ne, kuma ba a yi ƙarya ba, domin ga shi mun ba ku.

A ƙasan takardar a bar layi ɗaya don yaron da zai yi ciyawa. A rubuta abin da zai samu, ko ɗan akuya ne, ko tantabaru biyu, ko takalmin Sallah, a kuma karanta masa ya ji da kunnensa.