Sulken tafiya: injin da ke miƙar da guragu da tsofaffi

A shekara ta 1997 wani injiniyan ƙasar Isra'ila mai suna Amit Goffer ya yi hatsari, lakar bayansa ta taɓu, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙafafu. Daga bisa keken guragu ya ƙago ReWalk, wani sulke na ƙarfe mai inji wanda ake ɗaura wa mutum daga ƙugu zuwa tafin ƙafa. Abin tausayi, shi kansa bai iya amfani da shi ba, domin mai sanya sulken sai ya dogara da sanduna biyu, hannuwan Goffer kuwa ba su da ƙarfin riƙe su.

Ga yadda abin yake aiki. A kwatangwalo da gwiwoyi akwai ƙananan injuna masu cin batir. In mai sanye da shi ya ɗan karkata gaba, wata na'ura ta ji motsin, sai ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta umarci injunan su ɗaga ƙafa guda su jefa ta gaba. Da wannan sulke ne wata Baturiyar Ingila, Claire Lomas, wadda ta shanye bayan ta faɗo daga doki a 2007, ta taka kilomita 42 na gudun fanfalaki na birnin Landan a 2012. Ta tashi ran 22 ga Afrilu, ta isa ran 8 ga Mayu. A watan Yuni na 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa amfani da ReWalk a gida.

Japanawa sun bi wata hanya dabam. A ƙasarsu kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65 ko sun wuce, masu jinyarsu kuma sun yi kaɗan. Farfesa Yoshiyuki Sankai na jami'ar Tsukuba ya kafa kamfanin Cyberdyne a 2004, ya fito da sulken HAL. Shi wannan ana manna wasu ƴan faifai ne a fata, su tsinci saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka, komai rauninsa, injin ya cika ƙarfin da ya rage. Akwai samfurin da ake ɗaurawa a ƙugu kaɗai, don tsoho ya tashi daga kujera, ko mai jinya ya ɗaga majinyaci ba tare da ya ji ciwon baya ba. Daga 2016 inshorar lafiya ta Japan ta fara biyan jinya da HAL ga masu wasu cututtuka takwas na jijiya da tsoka.

A Faransa, kamfanin Wandercraft da aka kafa a 2012 ya ƙera sulken da ke tsayar da kansa, babu sanda. A watan Yuli na 2024 Kevin Piette, ɗan wasan tanis na naƙasassu, ya ɗauki wutar wasannin Olamfik na Paris yana tafe a cikin irinsa.

Sai dai a faɗi gaskiya: sulken ba ya warkar da lakar da ta tsinke, in an kwance shi mutum ya koma kekensa. Tafiyarsa ba ta da sauri, ya fi son daɓe mai santsi, batir yana ƙarewa cikin ƴan awoyi, kuma sai an yi makonni ana koyo wurin masu gashin ƙashi. Amfaninsa shi ne tsayuwar kanta: jini yana gudana, hanji yana aiki, mutum kuma ya dubi abokin maganarsa ido da ido.

Babban shingen shi ne kuɗi. A 2014 ana sayar da ReWalk kusan dalar Amurka dubu 70, wato wajen miliyan 35 na kuɗin sefa a canjin lokacin. Sai a 2024 inshorar gwamnatin Amurka, Medicare, ta yanke farashin da za ta riƙa biya, dalar Amurka dubu 91 da ƴan kai. Inda babu irin wannan asusu, sulken na mai hannu da shuni ne kaɗai.

Goffer dai bai fid da rai ba. Daga baya ya ƙera UPnRIDE, keken guragu mai miƙar da mutum tsaye, kuma da shi ne ya samu ya fita waje a tsaye.