Fulogi Mai Sako-sako: Ƙaramin Laifi Mai Huda Fistin

Babur ya fara ƙin tashi da safe sai an yi ta dukan kik. In ya tashi ba ya ja kamar da, ga wata 'yar ƙara "tsit-tsit" tana fitowa daga kan inji, tana ƙaruwa idan an murɗa totur. Galibin masu babur kafireta suke fara zargi, ko su ce gurɓataccen mai aka sayar musu. Sau da yawa kuwa fulogi ne bai zauna daram ba.

Kowa ya san fulogi shi ke ba da wutar da ke kunna mai. Abin da ake mantawa shi ne yana da wasu ayyuka biyu. Shi ne murfin ramin da aka ɗaura shi a ciki. Idan bai matse ba, iskar da fistin ya danno sai ta tsere ta gefensa, ƙarfin inji ya ragu. Na biyun ya fi haɗari. Bakin fulogi a cikin wuta yake zaune, kuma yawancin zafin da ya kwasa ta tiredi da wurin zamansa yake miƙa shi ga kan inji, iska ta huce shi. Da ya yi sako-sako wannan hanya ta yanke. Bakinsa ya yi ja, ya riƙa kunna mai tun kafin lokacin wuta ya yi, fistin na hawa wuta na danno shi ƙasa. Ana cikin haka saman fistin zai iya narkewa har ya huje. Fulogin kuɗi kaɗan ya jawo sauke inji ke nan.

Gane shi ba wuya. A kashe babur, a bar shi ya huce sarai, a cire hular fulogi, a gwada murɗa shi da yatsu. In ya motsa, an kama ɓarawo. A duba gindinsa kuma: baƙin hayaƙi ko danshin mai a kewayen ramin shaida ce cewa yana yoyo. Kafin a zare shi a hure ƙurar da ta taru a wurin, musamman lokacin hunturu, kada ta faɗa cikin silinda.

Me ke sa shi kwancewa? Girgizar hanya tana taimakawa, amma asalin laifin na hannu ne. A gindin fulogi akwai washa wadda aka yi ta don ta lotse sau ɗaya ta toshe wurin. Ɗan acaɓan da injinsa ke shan baƙin mai, kullum sai ya cire fulogi ya kankare ya mayar, washarsa ta daɗe da zama fale-fale. Wani kuma tsoron cinye tiredi ke sa ya bar shi a rabin ɗauri. Tsoron yana da dalili: fulogi ƙarfe ne, kan inji kuwa alminiyam ne mai taushi, in an yi gardama kan injin ke shan kashi.

Ƙa'idar ɗauri ita ce a fara da yatsu, ba da sufana ba. In ya cije tun a zagaye na farko, ya shiga a karkace ne, a dawo da shi baya a sake. Idan ya zauna, sannan a sa sufanar fulogi: sabo a ƙara masa kamar rabin zagaye, tsoho kuwa ɗan kaɗan, bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba. Mai sufanar awo ya bi abin da kamfanin NGK ya bayar: 10 zuwa 12 Nm ga fulogi mai kaurin milimita 10, irin C7HSA na ƙananan babura, 15 zuwa 20 Nm ga mai milimita 12, irin D8EA na Honda CG125 da danginsa. Zura bututu a jikin sufana don ƙarin ƙarfi, kamar yadda wasu yaran gareji ke yi, ɓarna ce tsagwaronta.

A kula da tsawo ma. Tiredin C7HSA milimita 12.7 ne, na D8EA kuwa 19. Gajere a dogon rami yana barin tiredin ƙasa ya cika da gawayi, dogo a gajeren rami zai iya karo da fistin.

Idan fa an ɗaura yana ta juyawa ba ya kamawa, ko inji ya tofar da shi da ƙara kamar bindiga, tiredin ramin ya tafi. A nan ne ake ganin dabaru: a naɗe shi da zare, ko leda, ko a shafa gam. Duk ba sa jure zafin wurin, kuma suna tare hanyar da zafi da wutar lantarki ke bi zuwa jikin inji. Gyaran gaskiya shi ne a faɗaɗa ramin a sa masa sabon tiredi na ƙarfe, irin wanda ake kira Helicoil, ko bushin. Ya fi kyau a kwance kan injin kafin a yi, don tarkacen alminiyam kada ya zuba kan fistin. In ramin ya tsage, sai sabon kai.