Eriyar Faci: Yadda Zango Yake Yanke Girmanta

Duk mai sauraren rediyo da Hausa ya saba jin ana cewa a kama tasha a kan mita 25 ko mita 31 a gajeren zango. Mitocin nan tsawon zangon igiyar rediyo ne, kuma daga nan mai ƙera eriya yake fara lissafinsa. A wannan maƙala zan yi wa 'yan'uwana ɗaliban harshe bayanin wata 'yar eriya mai kusurwa huɗu da ake samu a na'urorin Wi-Fi da na GPS. Na kira ta eriyar faci, domin kalmar da muka aro muka mayar "faci" ita ce sunanta a Turanci, kuma a ganina ta yi kama da facin taya ƙwarai. Wani masani mai suna Deschamps ya kawo tunaninta a Amurka a 1953, amma sai a shekarun 1970 aka fara amfani da ita sosai.

Hawa uku gare ta. A sama akwai ɓallin jan ƙarfe, wato facin, a tsakiya allon da ba ya barin lantarki ya wuce, a ƙasa kuma shimfiɗar jan ƙarfe.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mai zane ba shi da ikon zaɓar tsawon facin. Dole ya zama kusan rabin zango. Mu ɗauki Wi-Fi mai gigahaz 2.4, wato igiyar tana kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa guda. Tana gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan aka raba gudun da yawan kaɗawar, zango zai ba da milimita 125, rabinsa kuwa 62.5.

To amma wannan lissafin iska ne. A cikin allo igiya tana rage gudu, zangonta ya gajarce. Kowane allo yana da lambar da ke nuna ƙarfin wannan ragewa. Ta allon FR4, irin wanda ake jera kayan lantarki a kai, kusan 4.4 ce. Da yake wani ɓangare na igiyar yana bi ta iska, a allo mai kaurin milimita 1.6 lambar takan sauko zuwa kamar 4.1. Ana neman adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da 4.1, wato 2 da ɗan ɗoriya, a raba 62.5 da shi, a sami kusan milimita 31. Har yanzu da saura, domin lantarki yana ɗan leƙowa ta bakin facin biyu, sai facin ya yi aiki kamar ya fi tsawonsa. Saboda haka ake rage kusan milimita ɗaya da rabi. Tsawo ya tsaya a 29 da 'yan kai, faɗi kuma, wanda yake da nasa lissafin, kusan 38.

Mai karatu zai ce mene ne milimita ɗaya? A nan babban abu ne. Kuskuren milimita ɗaya yana gusar da eriyar da kimanin megahaz 80, alhali filin Wi-Fi ɗin gaba ɗaya daga 2400 ne zuwa 2483. Eriyar faci kuwa ƙuntataccen fili take kamawa, wannan shi ne babban rauninta. Ga shi kuma lambar FR4 takan bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, shi ya sa ake gwada zanen a kwamfuta, sannan a auna eriyar bayan an ƙera ta.

Sai wurin haɗa waya. Turjiyar facin tana kai om ɗaruruwa a baki, tana raguwa har ta kusa ƙarewa a tsakiya, ita kuma wayar om 50 take so. Idan ba su dace ba, ƙarfin da aka tura zai komo baya maimakon ya fita. Don haka ake tsaga facin daga baki, a shigar da siririn layin jan ƙarfe ciki har zuwa inda turjiyar ta sauko 50.