Yadda kwamfuta ke auna ƙarfin turakun gini a cikin rairayi

Akasarin gidajen da ke Samaru da Jama'a da Sabon Garin Zariya ba sa buƙatar harsashi mai zurfi, saboda jar ƙasar yankin tana zaune ne a kan dutse mai tauri.

Sai dai lamarin kan sauya a gaɓar koguna irin su Galma da Kubanni, inda ruwa ya daɗe yana tara rairayi da laka.

A irin wannan wuri, kafin a gina gada ko dogon bene, injiniyoyi kan nutsa turakun kankare ko na ƙarfe cikin ƙasa, su haɗe kawunansu, sannan a ɗora ginin.

Tambayar ita ce turaku nawa za a kafa, kuma da wace tazara? Idan suka yi yawa an yi asarar kuɗi. Idan suka gaza, rayukan jama'a ne ke cikin haɗari.

Turaku a rukuni

Ba a samun amsar ta hanyar auna turke ɗaya a ninka, domin kowane turke yana shafar ƙasar da maƙwabcinsa ya dogara a kanta.

Idan aka buga turaku cikin rairayi mai sako-sako, bugun kan danƙare shi, har rukunin ya ɗauki nauyin da ya zarce jimillar na ɗaiɗaikunsu. Idan kuwa haƙa rami aka yi aka zuba kankare, rairayin na iya ƙara sakewa.

Iska da ambaliya kuma daga gefe suke turo gini. Wani gwaji da aka yi da turaku 9 a birnin Houston na Amurka, wanda aka wallafa a 1988, ya nuna cewa layin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na turin, na baya kuwa suna fakewa a bayansa.

Shi ya sa galibi ake barin tazarar da ta kai kaurin turke sau uku.

Aikin kwamfuta

Gwaji irin wannan yana da tsada ainun, don haka aka koma ga kwamfuta.

Manhajoji irin su Plaxis, wadda aka fara ƙirƙira a jami'ar Delft ta ƙasar Holan a 1987, suna rarraba ƙasa da turakun zuwa dubban ƙananan yankuna, su lissafa yadda kowanne zai motsa idan nauyi ya hau.

Injiniya na iya sauya tsawon turke ko tazara, ko ya ƙara ruwan da ke cikin ƙasa, ya ga inda ginin zai nutse ko ya karkace tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Batun ruwa na da muhimmanci. A girgizar ƙasar Niigata ta Japan a 1964, jiƙaƙƙen rairayi ya koma tamkar kunu, kuma gadar Showa da ke kan turaku ta rufta.

To amma kwamfuta da abin da aka ba ta take aiki. Wajibi ne a haƙa ƙasar wurin, a ɗebo samfuri a gwada, a kuma san inda ruwa ke kaiwa a tsakiyar damina, kamar yadda ake koyar da ɗaliban aikin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello.

Wanda ya tsallake wannan mataki domin rage kashe kuɗi, lissafin kwamfuta ba zai hana gininsa tsagewa ba.