Talabijin a Bayan Mota, Yara Ba Bel

Tun da motocin iyali 'yan Kwatano irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey suka cika mana titi, wata ɗabi'a ta biyo su wadda na gaji da gani. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Kaduna a jajibirin Sallah ya san ta. Allon kallo a sauke daga rufin mota, katun na ta yi, yara huɗu ko biyar a baya, wannan a durƙushe kan kujera, wancan a tsaye tsakanin kujerun gaba ya saki baki. Maigida da uwargida kuwa kowa ya ɗaura bel ɗinsa tsaf don gudun 'yan rod sefti. In ka yi magana a ce maka, "Ai a baya suke, kuma kallo suke yi, ko motsi ba sa yi."

Na'urar kanta ba wani abu ba ce: allo ne a rufi ko a bayan matashin kujera, da wurin saka faifan DVD ko filash, wani lokaci da abin sauraro na kunne. Ba ni da rigima da ita. Tafiyar sama da kilomita 400 daga Kano zuwa Abuja da ƙananan yara ba wasa ba ce, kuma direban da ba a dame shi da "Baba, mun kusa?" ba ya fi tara hankalinsa kan titi. Rigimata da iyayen da suka ɗauki shirun yaro a matsayin tsaro ce.

Mota in tana gudu, duk abin da ke cikinta gudun nan yake yi, ko yana kuka ko yana kallon katun. In ta daki wani abu ta tsaya cak, wanda ba a ɗaure ba shi bai tsaya ba, gaba zai yi har sai ya sami abin da zai tare shi. Karo a gudun kilomita 50 a awa, gudun cikin gari ke nan, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene hawa uku. A gudun 100 ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kusan mita 40. To mene ne a gaban yaron da ke baya? Bayan kujera, kuma a nan ne muka kafa masa allon gilashi daidai saitin fuskarsa. Wanda ke tsaye a tsakiya kuwa babu komai tsakaninsa da gilashin gaba.

Sai uwa ta ce, "Ni a cinya nake riƙe nawa." Hajiya, ba ƙaunarki ake tuhuma ba, ƙarfin hannu ne bai kai ba. A irin wannan karo nauyin jiki kan iya ninkuwa sau 30, yaro mai kilo 10 ya koma kamar kilo 300 cikin ƙiftawar ido. Babu hannun da zai riƙe wannan. In ke ma ba ki ɗaure ba, jikinki ne zai danne shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin kan titi na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Amma tun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, muka ɗauke shi harajin kujerar gaba, abin da ake ja in an hango shinge a sake in an wuce. Masu kawo zancen ƙaddara kuma su tuna addinin da ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Abin haushi, motocin nan daga Amurka da kayan tsaronsu suka zo. Tun 2002 dokar can ta wajabta sa maƙalan ƙarfe a kujerun baya don kafa kujerar yara. Mu sai mu kai wa mai ɗinki ya lulluɓe kujerun da leda, ya binne maƙalan da bakin bel ɗin duka, mu kashe kuɗi kan gyaran talabijin.

Gyaran kuwa a hannunmu yake, kuma allon nan ma zai iya zama mataimaki. A kafa doka a gida: ba bel, ba kallo. Wanda ya kwance, a kashe wa kowa. 'Yan'uwansa da kansu za su riƙa yi maka aikin ɗan sanda. Yaron da bai kai shekara 12 ba, baya ne wurinsa, don jakar iskar da ke fashewa a gaba don babba aka yi ta, tana iya karya wuyan ƙarami. Jariri da ɗan yaye a sa su a kujerar yara, ta jariri tana fuskantar baya. Wanda ya girme ta amma tsayinsa bai kai kusan santimita 145 ba, a sa masa matashin ƙarin tsayi, yadda bel zai bi ta kafaɗa da ƙugu, ba wuya da ciki ba. A kuma daidaita allon yadda kowa zai gani daga inda yake zaune, don rashin gani ne ke ta da yaro tsaye.

Wajen sayen sabon allo, kada a cire matashin kujera na asali a musanya da na kasuwa mai allo a jiki, domin na asalin aikinsa kare wuyan na gaba in an daki motar ta baya. Babbar waya ko kwamfutar hannu a ɗaure ta da mariƙi mai ƙwari, in ba haka ba ita ma makami ce a lokacin karo. A tsaya kan mai wayarin ya sa fiyus, kada ya yi jone-jone da salatif, don ta nan gobara ke tashi. Akwai kuma wata dabara da ya kamata a hana masu wayarin. Allon gaban direba an yi shi ne ya ƙi nuna fim sai an ja birkin hannu, su kuma sai su jona wayar birkin da jikin mota ya riƙa nunawa ana tafe. Kallon daƙiƙa biyu a gudun 100, mota ta ci mita 55 ba mai ganin hanya.

In yaro ya fara jiri ko amai, ba sammu ba ne, ba kuma lallai abinci ba. Ido na kan allo yana cewa a tsaye ake, cikin kunne na jin ana tafiya, sai zuciya ta tashi. A kashe kallon, a buɗe gilas kaɗan, ya duba nesa ta gaba, a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu. Ɗan ƙasa da shekara biyu ba a so a ba shi allo sam, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ƙarar sauti da irin finafinan da 'yan dawunlodin ke turawa, su ma a sa ido.

Kada kuma a bar yara cikin mota a rufe don suna kallo, a shiga banki ko kasuwa. Zafin cikin mota kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inji na mutuwa iyakwandishan ya tsaya, kuma yaron da ke ɗaure a kujerarsa ba zai iya buɗe wa kansa ƙofa ba.