Shirin Musamman: Kumfar Sabulu Tsakanin Bazara, Hunturu da Damina

Shirinmu na yau zai taɓo wani abu da kusan kowa ya yi wasa da shi yana yaro, wato kumfar sabulu.

Daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa har Kwoi, yara kan tsinko sandar ganyen gwanda, mai rami a ciki, su tsoma bakinta a ragowar ruwan wanki, su hura. Wata rana kumfar ta tashi har ta haye katanga tana sheƙi. Wata rana kuwa ko rabuwa da bakin sandar ba ta yi ba, ta fashe. Sabulun bai canza ba, mai hurawar ma shi ne dai. To, ina gizo ke saƙa?

Amsar tana cikin fatar kumfar. Wannan fata ruwa ce zalla, sabulu ya rufe ta ciki da waje, kuma silin gashi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Muddin ruwan nan na nan, kumfa na raye. Hanyoyi biyu yake bi ya gudu: nauyinsa na jan sa daga sama yana zurarewa ƙasa, iska kuma tana shanye shi. Zafi yana hanzarta duka biyun. Ruwan da ya kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas ya fi wanda ke maki 20 tsinkewa, domin kaurinsa kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai ya riƙa zurarewa da sauri. Ga shi kuma yana saurin bin iska. Shi ya sa a watan Maris, lokacin da bazara ta kankama kafin saukar ruwan farko, kumfar da aka hura da tsakar rana ba ta zuwa ko'ina.

Mai sauraro zai ce, ashe ke nan lokacin sanyi ne kakar kumfa. A nan ne ƙasarmu ke ba da mamaki. Sanyinmu na hunturu ne. A ƙarshen Disamba da farkon Janairu, lokacin da Kagoro ke cika da baƙin bikin Afan, mutum kan tashi da asuba yana rawar ɗari, amma iskar da ke kaɗowa daga Sahara busasshiya ce ƙarau. Yadda take tsattsage leɓe da dunduniya, haka take zuƙe ruwan fatar kumfa cikin ɗan lokaci. Ga kuma ƙura. Busasshiyar ƙwayar ƙura ɗaya ta faɗa kan kumfa, ta huda ta, shi ke nan. Saboda haka duk wanda ya ce sanyi kaɗai ke tsawaita ran kumfa, rabin magana ya faɗa. Sai sanyin ya haɗu da laima.

Wannan haɗi kuwa damina ce ke kawo mana shi, kuma Kudancin Kaduna na samun ruwan sama fiye da Zariya ko Kano. Safiyar Agusta bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, iska ta ƙoshi da danshi, ba ta da sauran ƙishin da za ta kashe da kumfa. Wanda ya je gindin ruwan Matsirga, kusa da Madakiya, inda feshi ke cika wurin, ya sami irin iskar da kumfa ke so.

Na san masu wanki da ke saurarenmu za su ce, ai ruwan ɗumi ya fi kawo kumfa. Gaskiyarku. Sabulu ya fi saurin narkewa a cikinsa, kumfa ta taso nan da nan. Amma yawan kumfa daban, daɗewarta daban. Wadda ta taso a ruwan ɗumi ita ke riga kwantawa.

Akwai ma alamar da kumfa ke bayarwa kafin ta fashe. Ku lura da launukan da ke yawo a jikinta. Kaurin fatar ne ke sauya su, kuma idan saman ya siranta matuƙa, launin kan ɓace, wurin ya yi duhu. Isaac Newton na Ingila ya bayyana wannan a littafinsa kan haske a 1704. Da ka ga duhun nan, fashewa ta kusa.

Shin ana iya hana ruwan gudu? Ana iyawa. A 2022 masu bincike a Jami'ar Lille ta Faransa sun ba da rahoton wata kumfa da ta yi kwana 465 ba ta fashe ba. Ba ta sabulu ba ce irin tamu: da ruwa da gilisarin suka yi ta, suka lulluɓe fatar da ƙananan ƙwayoyin roba. Robar ta hana ruwan zurarewa, gilisarin kuma yana jawo danshi daga iska yana mayar da abin da ya tafi. Gilisarin ɗin nan dai shi ne wanda iyayenmu mata ke saye a kemis suna haɗawa da man shafawa idan hunturu ya shigo.

To yara, da malaman firamare da ke tare da mu, ga aiki. Ku dama ruwan sabulu, ku raba shi kofi biyu, ku ɗiga gilisarin kaɗan a ɗaya. In babu, sukari ma na taimakawa. Ku hura da sassafe, ku sake hurawa da azahar, kuna ƙirga daƙiƙun da kowace kumfa ta yi, ku rubuta a littafi. Idan yanayi ya juya ku maimaita, ku aiko mana da abin da kuka gani, za mu karanta a wannan fili. A kula dai kada ruwan ya shiga ido ko baki.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.