Rodina: A Mosko Ƙasa Ce, A Prag Iyali Ne

Idan mutumin Rasha ya ce zai ba da ransa saboda "rodina", ƙasar haihuwarsa yake nufi. Amma in mutumin Chek ko Slobakiya ya faɗi haka, matarsa da 'ya'yansa da iyayensa yake nufi, ba wata ƙasa ba. Lafazin kusan ɗaya ne, sai dai ma'anar ta raba hanya.

Asalin kalmar shi ne "rod", wato tsatso ko zuriya, a tsohon harshen da kakannin dukan mutanen Slav suka yi magana da shi. Daga wannan saiwa ne aka sami "narod", watau al'umma, da "priroda", watau halittun duniya, da kuma "roditeli", iyaye ke nan a bakin Rashawa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin "mahaifa" a wurinsa tana nufin inda ɗa ya kwanta a cikin uwarsa, tana kuma nufin garin da aka binne cibiyarsa.

Rashawa da Bulgeriyawa ne suka ɗora kalmar a kan ƙasa. Mutanen Chek da Slobakiya da Yukren suka bar ta a cikin gida, haka ma mutanen Poland masu cewa "rodzina". Waɗannan sai suka kira ƙasa da wani suna dabam. Mutanen Poland suna cewa "ojczyzna", daga kalmar uba, kuma sun riƙe ta ƙam tun daga 1795 da maƙwabta suka raba ƙasarsu har zuwa 1918 da ta dawo. Mutanen Chek kuwa "vlast" suke cewa.

A Tarayyar Sobiyat ne kalmar ta yi nauyi ƙwarai. Da Jamusawa suka auka mata a 1941, mai zane Irakli Toidze ya zana ƙasar a siffar uwa sanye da jajayen tufafi tana kiran 'ya'yanta yaƙi. A 1967 aka ƙare gina mutum-mutumin wannan uwa a Volgograd, inda aka gwabza yaƙin Stalingrad, tsayinsa mita 85 har da takobin da take ɗage da shi. Wanda aka ce masa ƙasa uwa ce, da wuya ya ƙi amsa kira. Masu mulki kuwa sun san haka sarai.

An kafa wata uwar irinta a Kiev a 1981. Abin dubawa a nan shi ne, a harshen Yukren "rodyna" iyali ne kurum, ƙasar haihuwa kuwa "batkivshchyna" ce, daga "batko", wato uba. Saboda haka sunan gunkin ya fito da ɗan bambaraƙwai: ƙasar uba, amma uwa. Bayan da Rasha ta kai wa Yukren farmaki a watan Fabrairun 2022, sai hukumomin Kiev suka cire guduma da lauje daga garkuwar da ke hannunta a watan Agustan 2023, suka sa tambarin ƙasarsu mai ƙaho uku a gurbinsu.